Masu Yashe Lambatu Tun Hadari Bai Haɗu Ba

Duk wanda ya taɓa zama a bencin likitar unguwa a nan Damagaram tsakanin Agusta da Oktoba ya san abin da ake nufi da ba masaka tsinke. Uwa da goyo, jikin yaro zafi rau, wani yana amai, wani ya yi laushi ko kukan ma ba ya iyawa. Mu soki yatsa, gwajin zazzaɓin cizon sauro ya fito da layi biyu, mu ba da magani, mu sallame ta. Kafin wata ya zagayo sai ga ta da wan yaron ko ƙanwarsa. Ni aikina rabi a likita ne, rabi a lunguna, ina bi gida-gida ina wayar da kai. Fuskokin da nake gani a benci da safe su nake tararwa a ƙofar gida da la'asar, saboda haka na san lungun da kowace ta fito, na kuma san irin ruwan da ke kwance a bakin ƙofarta.

A ɗaya daga cikin unguwannin da nake zagayawa, can ƙasa-ƙasa inda ruwan da ya gangaro daga duwatsu yake taruwa, akwai wata ƴar ƙungiya da nake so ku san mutanenta. Ba zan kama suna ba, su ma ba su so. Ba su da mota mai tambari, ba su da ofis. A zauren mai unguwa suke taro, shebur da baro kuma a shagon wani mai gyaran kabu-kabu suke kwana. Takardar amincewa ma sai da suka daɗe suna aiki sannan suka je ma'aikatar magajin gari suka nemo ta.

Wadda ta tayar da maganar wata Hajiya ce mai tuyar ƙosai. Wata damina ruwa ya rasa hanya, ya kwana biyu jingine da katangarta, katangar ta zube a kan turken awaki. Da aka ɗauke ruwa ta ɗauki sanda ta je ta zungura bakin lambatun da ke ƙarshen lungu, sai ta ji kamar bango take duka. Ta wuce gidan wani tsohon magini ta ce, “Baba, wannan ruwan ba daga sama kaɗai ya ci mu ba.” Shi kuma ya kira wani malamin lakwal da ya yi ritaya, wanda har jikokinsa Mushe (wato malam, daga Faransanci) suke ce masa, domin a sami mai riƙe alƙalami. Mutum uku ke nan, kuma babu mai ƙarfin ɗaga shebur sau hamsin a cikinsu.

Ƙarfin yana fada, wato majalisar da samari suke zaman hira. Kowa a garin nan ya san abin da ake faɗa a kan ƴan fada da ƴan pale, gungun samarin unguwa: shayi, hira, ɗaga ƙarfe, rigima. Hajiya ba ta aika musu yaro ba, da ƙafarta ta je, da kwanon ƙosai a hannu, ta zauna a bakin tabarmarsu. Ta ce, “Ƴaƴana, na ga ƙwanjin nan kullum ana gina shi, yaushe za mu ci amfaninsa?” Aka yi dariya. Lahadin da ta biyo baya wasu suka fito, wasu suka tsaya daga nesa suna kallo. Yanzu su ne ƙashin bayan aikin, kuma na lura tun da aka fara kiransu da sunayensu a taro, ana tambayar ra'ayinsu, maganarsu ma ta sauya.

Na taɓa tsayawa na kalli yashewar daga farko har ƙarshe, kuma a nan na gane cewa shi ma ilimi ne. Baba magini ba ya yarda a fara daga sama. Daga ƙasa ake farowa, inda ruwan zai fita, a yi ta hawa, domin in ka buɗe sama alhali ƙasa a toshe take, ka dai tura wa maƙwabcinka ambaliya ne. Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya gani: baƙar leda ta cakuɗe da yashi ta zama kamar tabarma, ledar ruwan sanyi, tsumma, karyayyen takalmi, toka, wani lokaci mushen kaza. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda a ƙasar nan, amma je ka Kasuwar Dole ka sayi tumatir na dala ashirin ka ga a me za a ƙulla maka. Doka ta biyu ta Baba ita ce ba a barin abin da aka yashe ya kwana a bakin lambatu. Ranar nan amalanke zai kwashe shi zuwa juji. Yana cewa, “In kun tara shi a nan, ruwan farko zai mayar muku da kayanku, ku ce aljanu ne.” Ni kuma abin da na ƙara musu ɗan kaɗan ne: kada a shiga ba takalmin roba da safar hannu, kada a bar ƙananan yara su sa hannu, wanda kwalba ko gwangwani ya yanka ya wanke da sabulu ya zo likita a duba maganar allurar sandarewar haƙora, kada ya ɗaure da tsumma ya ce ai ƙarami ne.

Akwai kuskuren da na yi da su, gara in faɗa da bakina. Shekarar farko, don in ƙara musu ƙaimi, na ce in aka yashe lambatu zazzaɓin cizon sauro zai tafi. Aka yashe, ruwa ya wuce, wari ya ragu, amma benci bai ragu yadda na yi alkawari ba. Mushe ya tare ni a hanya ya ce, “Ɗiyata, ina maganarki?” Kunya ta kama ni, domin na san gaskiyar, gajarta ta kawai na yi. Sauron da ke hayayyafa a baƙin ruwan lambatu shi ne mai yawan kuka a kunne da hana barci. Mai ɗauke da zazzaɓi ya fi son ruwan sama mai ɗan haske da ya kwanta a rana: ramin da aka haƙa don yin tubali, sawun tayar mota, kududdufin bayan gida, gefen tabki. Da zafin garin nan, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba. Wato duk ruwan da ya yi mako a kwance ya isa ya yaye muku sauro.

Daga nan aikin ya ƙaru. Baraguzan ginin da a da ake rasa inda za a kai, yanzu da su ake cike ramuka. Bayan kowane babban ruwa samari biyu-uku suna zagayawa da fartanya, suna tsaga wa kududdufi hanya. Amma ban ƙara yi wa kowa alkawarin da ya wuce gaskiya ba. Sauro yana da fiffike, ba ya tambayar iyakar unguwa. Sange, wato gidan sauro, dole ne, kowane dare, da damina da bayanta, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Kuma don Allah a daina shinge lambu da shi.

Wajen da ƙungiyar nan ta fi burge ni shi ne na mata, ko da yake ba a ganin su da shebur. Kun san maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 lokacin damina, zagaye-zagaye, kusan kowane kwana 28, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko a gaban mai rabawa yaro yake sha. Na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake bari, kuma a nan gizo ke saƙar. Wata ta manta, wata yaron ya tofar saboda ɗaci ta haƙura, wata kuma ta adana. Na taɓa shiga wani gida na tarar da kakar yara ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zane. Na ce, “Inna, me ya hana a ba shi?” Ta ce, “Yo lafiyarsa lau, ɗiyata. Na ajiye sai ranar da jikin ya yi zafi.” Na zauna na yi mata bayani cewa wannan na tsarewa ne, in ba a cika kwana ukun ba kariyar ba ta cika, kuma ranar da jiki ya yi zafi ba shi ake nema ba, gwaji ake nema a likita. Ta ji ni, amma ban tabbata ta yarda ba. Wadda ta sa ta yarda maƙwabciyarta ce, ƴar ƙungiya, da ta zo washegari da sassafe da ɗan cokali da sukari ta ce, “Inna, kawo shi mu ba shi tare.” Yanzu kowace mace a cikinsu tana da gidajen da take leƙawa a waɗannan ranaku biyu. Ni in na yi magana ma'aikaciya ce ta yi. Ita in ta yi, wadda suka yi suna da biki tare ce.

Su ne kuma suke bin maganar ruwan sha. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga irin su Gogo, Arunguza da Ganaram, kuma ba wanda zai ga laifin matar da ta cika kowane bido da randa ranar da famfo ya kawo. Matsalar tana ajiyar. Randa ba murfi, moɗa ɗaya kowa ya tsoma da hannunsa, bido ya yi kore a ciki. Ruwan da ya zo da tsabta sai ya lalace a tsakar gida. Bayan kwalarar da ta shiga jihar nan a 2021 ba mai buƙatar a tsorata shi da labari. A rufe, a wanke mazubi da sabulu kafin a sake cikawa, a rataye moɗa kada ta kwana a ƙasa. In an sa ƙwayar tsabtace ruwa a bi abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Yaro in ya fara zawo a dama masa ruwan gishiri da sukari na likita, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanya.

Maganar gini kuwa ta Baba ce. Tun da tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya rushe da ruwan Satumba na 2024, mutane suka fara sauraronsa da kunne biyu. Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya zuba ya wuce, wanda ya kwanta a gindinsa yake tsoro. Shi ya sa kafin damina yake zagayawa yana duba yaɓe da indararo, yana nuna inda za a yi wa gindin katanga tudu. In ya ga tsaga ta kama daga sama har ƙasa, ba ya wasa: “A fitar da yara daga ɗakin nan yau, ba gobe ba.” Gidajen zawarawa da tsofaffi gayya ake yi musu. Yana yawan tuna zamanin Samariya, lokacin Seyni Kunce, da ake buga ganga unguwa ta fito. Samarin suna yi masa dariya su ce Baba ya fara tarihi.

Kada a ɗauka komai lami lafiya yake tafiya. Kuɗi ya kusa raba su. Kowane gida yana ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a mako, da shi ake biyan mai amalanke, a sayi safar hannu, a gyara baro. Sai raɗe-raɗi ya tashi cewa ana ci. Mushe bai yi fushi ba, ko kuma ya yi bai nuna ba. Ya ɗauko littafinsa, irin na ƴan lakwal mai bango shuɗi, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya karanta shiga da fita, dala-dala, har kuɗin facin taya. Tun daga ranar duk ƙarshen wata haka yake yi, ko mutum biyar ne suka tsaya. Kuɗin kuma ba a hannunsa yake ba, yana akwatin Hajiya, mabuɗin yana wajen wani.

Abin da ya fi yi musu illa ma alheri ne. Wani shiri ya zo daga waje, na ƴan makonni, ana biyan samari kuɗin yini su share titi. Ba laifi ba ne mutum ya samu, ni ma na yi musu murna. Amma da shirin ya naɗe tabarmarsa, sai aka kira gayya wasu suka ce nawa za a ba mu. Kusan damina guda aka yi ana lallashi. Shi ya sa nake roƙon duk mai niyyar taimako, ɗan kasuwa ne ko ɗan unguwa da ke Yamai ko Agadas ko Kano: ka tambaye su abin da suke buƙata tukuna. Sau da yawa baro ne, ko takalmin roba, ko yashi mota guda.

Idan unguwarku tana da irin waɗannan mutane, kun san su, ba sai na nuna muku ba. Ku ba da na mako ba sai an yi ta sallama a ƙofarku ba. Ku ajiye buhu a tsakar gida don shara, a daina aiken yaro da dare ya juye a lambatu, domin duk mun san da dare ake yi. Idan kuma babu, a fara da zuwa wajen mai unguwa da liman, a sami mace ɗaya da ake jin maganarta, a je fada da mutunci. Lokacin farawa shi ne Afrilu da Mayu, lambatu yana bushe, yashi yana ɗaguwa da sauƙi. In aka bari sai Yuli, da laka za a yi kokawa. Ku leƙo likitar unguwarku ku nemi mai wayar da kai, za mu zo taronku ko da dare ne.

Su dai Lahadin nan bayan sallar asuba za su kama lungun bayan injin niƙa. Da na haɗu da Baba jiya na tambaye shi ko akwai saƙon da zan isar. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Ki ce wanda ya ari shebur ɗinmu mai jan ƙota tun kaka ya dawo da shi.”