Gundumar makaranta mai ɗalibai ƙasa da goma: yaya ake karanta sakamakonta?

Da farko, mece ce gundumar makaranta a Amurka?

Hukuma ce ta yanki mai cin gashin kanta wadda ke tafiyar da makarantun gwamnati. A mafi yawan wurare mazauna yankin ne ke zaɓen 'yan kwamitinta, ita ke ɗaukar malamai, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Akwai irin waɗannan gundumomi kusan 13,000 a yau. A shekarun 1930 sun haura 100,000, kafin a yi ta haɗe ƙanana da manya.

Da gaske akwai gundumar da ɗalibanta ba su kai goma ba?

Akwai. Gundumar Bois Blanc Pines tana kan wani tsibiri a Tafkin Huron, a jihar Michigan, inda masu zama rani da damina ba su wuce kusan mutum ɗari ba. Makarantarta ɗaki ɗaya ce, daga ajin share fage zuwa aji takwas, kuma sau da yawa yaranta da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su. Wanda ya isa shiga sakandare sai ya tsallaka ruwa. A Texas ma akwai gundumar San Vicente a cikin gandun daji na Big Bend, jihar Montana kuwa har yanzu tana da makarantu masu ɗaki ɗaya da dama.

Me ya sa idan aka duba sakamakonsu sai a tarar da gurbi babu lamba?

Dokar ilimi ta tarayya ta 2015, wadda ake kira ESSA, ta wajabta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi daga aji uku zuwa aji takwas, da sau ɗaya a sakandare. Amma kowace jiha tana da mafi ƙarancin adadin ɗaliban da za a fitar da sakamakonsu a fili, galibi tsakanin 10 da 30. Dalilin shi ne sirrin yara, wanda dokar FERPA ta 1974 ke karewa. A garin da yaro ɗaya ne a aji biyar, cewa "kashi sifili na 'yan aji biyar suka ci lissafi" daidai yake da kiran sunansa a kasuwa.

To idan lambar ta fito fa, a yarda da ita?

Nan ne gizo ke saƙar. A ɗauka yara huɗu ne suka zauna jarrabawa, uku suka ci: kashi 75 cikin ɗari ke nan. Baɗi ɗaya daga cikin ukun ya tashi da zazzaɓi ranar jarrabawar ya faɗi, sai a koma kashi 50. Malamar nan ita ce dai, littattafan su ne dai, amma a takarda makaranta ta faɗi da maki 25. A gunduma mai yara dubu biyar, zazzaɓin yaro ɗaya ko a jikin lissafi.

Masana tattalin arziki Thomas Kane da Douglas Staiger sun nuna haka a 2002 da alƙaluman jihar North Carolina: ƙananan makarantu su ne suka fi yawa a cikin waɗanda sakamakonsu ya yi tsalle sama, su ne kuma a cikin waɗanda suka rikito ƙasa. Don haka duk jerin "makarantun da suka fi ƙwazo" da ya cakuɗa gunduma mai yara takwas da birnin Detroit, ni dai ba na ba shi muhimmanci. Gara a haɗa sakamakon shekara uku zuwa biyar, a duba ci gaban da yaran suka samu daga bara zuwa bana, sannan a tambayi yadda suke ƙarewa idan sun shiga sakandaren wani gari.

Ƙididdigar launin fata da talauci fa?

Ciwon ɗaya ne. Iyali guda mai 'ya'ya uku ya tare a garin, sai a ga kason 'yan asalin Latin Amurka ya tashi daga sifili zuwa kashi 30. Talauci kuma yawanci da cin abincin makaranta ake auna shi: kyauta ga gidan da samunsa bai wuce kashi 130 na ma'aunin talauci na tarayya ba, rangwame har zuwa kashi 185. A ƙaramin gari wasu iyayen kan ƙi cike takardar don jin nauyin idon maƙwabta, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya.

An ce kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi ya ninka na birni. Almubazzaranci ne?

Ba lallai ba. Albashin malama ɗaya da kuɗin ɗumama aji a lokacin hunturu ba sa raguwa don yara huɗu ne kawai a ciki. Idan aka raba jimillar gida huɗu, dole lambar ta ba da tsoro.

Me ya hana a rufe su kowa ya huta?

Tazara da ruwa da ƙanƙara. Yaro ɗan shekara shida ba zai yi tafiyar awa biyu a mota kullum ba, kuma inda makaranta ta rufe, masu ƙananan yara kan tattara su bar garin. Wasu jihohin dai sun ja layi. Tun daga dokar 1998, makarantar da ɗalibanta suka gaza goma a Alaska tana rasa yawancin kuɗin jiha. Shi ya sa idan lokacin ƙirgar ɗalibai na watan Oktoba ya gabato, wasu ƙauyukan kan fita neman iyalai masu yara da za su zo su zauna, don a cike goman.