Ba da gawa don bincike: amsoshi ga masu tambayata kullum

Tun da hoton nan na "gonar gawa", wato filin da ake barin gawawwaki su ruɓe don bincike, ya zagaya WhatsApp, daga Babbar Kasuwa har bakin likita tambaya ɗaya ake tare ni da ita. Ga amsa a rubuce, kowa ya karanta.

Da gaske akwai wurin?

Akwai. A jami'ar Tenesi ta Amurka, garin Knoxville. William Bass ne ya kafa shi, an ajiye gawar farko a 1981.

Sato gawawwakin ake yi?

A'a. Masu su ne ke sa hannu tun suna da rai, ko iyalansu su ba da. Ku daina yaɗa abin da ba ku bincika ba.

Me ake nema a jikin mamaci?

Lokacin mutuwa. Ƙudaje na sauka kan gawa cikin mintoci, su yi ƙwai, tsutsa ta fito. Girman tsutsar da yadda jiki ya canza su ke nuna kwana nawa aka yi. In an tsinci mutum a gonar gero, wannan lissafi na iya wanke wanda ake zargi ko ya kama mai laifi. Sai dai zafin Maraɗi a watan Afrilu, sama da digiri 40, ya sha bamban da yanayin Tenesi, jiki ya fi saurin lalacewa a nan. Shi ya sa nake son ɗalibanmu na likitanci su riƙi fannin da gaske. A Afirka ta Kudu ma da mushen aladu ake irin wannan gwaji.

Ni Musulmi ne. In na bar wasiyya a ba da gawata don bincike, ya halatta?

Nan kam a bi a hankali. Asali gawa tana da alfarma: wanka, likkafani, salla, kabari, ba jinkiri. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta yarda a feɗe gawa don gano laifi, ko gano cuta, ko koyar da likitanci, da sharaɗin kada a wuce buƙata kuma a binne komai bayan an gama. Don koyarwa sai da izinin mamacin tun yana raye, ko na magadansa. To feɗewar awa biyu daban, barin jiki a fili wata da watanni yana ruɓewa daban, kada ka ɗora hukuncin wancan kan wannan. A ganina na biyun ya fi nauyi ƙwarai. Zauna da malamin da ka amince da iliminsa, sannan da iyalinka, domin ranar su ne za su tsaya kan gawar, takarda ba ta magana.

Jandarma sun ce sai likita ya duba ɗan'uwanmu kafin jana'iza. Mu ƙi?

Haba, ku ƙi don me? Na san zafin jira, Allah ya ba ku haƙuri. Amma in an kai shi kushewa da gaggawa, shaidar ta bi shi ƙasa, kuma tono kabari daga baya ya fi wannan jiran ciwo nesa ba kusa ba. Ku roƙi a hanzarta, ku bar mutum ɗaya a bakin ɗakin ajiyar gawa ya karɓo muku shi.