Bi da dukkan zirga-zirgar kwamfuta ta cikin Tor

Wannan hanya ce ta tilasta wa duk bayanan da ke fita daga kwamfuta zuwa intanet su ratsa ta cikin Tor, wato tsarin da ke bi da saƙo ta na'urori daban-daban don ɓoye mai aikawa, domin kada a gano adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) na mai amfani da ita. Wanda ya buɗe burauzar Tor kaɗai ya ɓoye shafukan da yake shiga ne kawai, sauran manhajoji kuwa, irin su na imel da na sabunta tsarin na'ura, suna ci gaba da fita kai tsaye.

Tarihi

Dabarar da ake kira ta albasa, wato naɗe saƙo cikin ɓawo bisa ɓawo na sirri, ta samo asali ne a tsakiyar shekarun 1990 a cibiyar bincike ta sojojin ruwan Amurka, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. Roger Dingledine da Nick Mathewson tare da Syverson suka fitar da Tor, wanda aka gina kan wannan dabara, a watan Satumba na 2002, aka kafa ƙungiyar Tor Project a 2006. Saƙo yakan bi ta na'urori 3 kafin ya kai inda aka aika shi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta san mai aikawa da wanda aka aika wa a lokaci guda.

Da yake saita kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya yana da wuya kuma ana yawan kuskure, sai aka fara ƙera tsarin sarrafa kwamfuta da ke toshe duk wata ƙofa sai ta Tor. Ɗaya daga cikinsu, Tails, wanda aka gina kan Debian (wani nau'in tsarin Linux), ya fito a 2009. Ana tayar da shi daga filashi, kuma ba ya ajiye komai bayan an kashe na'ura, sai in mai shi ya saita shi ya ajiye. Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin leƙen asirin Amurka, ya yi amfani da shi wajen tuntuɓar 'yan jarida a 2013, kuma a 2024 Tails ya haɗe da Tor Project. Whonix, wanda ya bayyana wajen 2012, ya raba aikin gida biyu: ɓangare ɗaya ne kaɗai ke taɓa intanet, ɗayan kuma, inda mutum ke aiki, bai ma san adireshinsa na gaskiya ba.

Yadda ake yi

A Linux ana amfani da dokokin iptables, manhajar da ke tsara shige da ficen bayanai, a karkatar da zirga-zirgar zuwa ga Tor. A wayoyin Android kuwa, manhajar Orbot ce ke yin wannan aiki.

Matsaloli

Cikin manyan hanyoyi biyu na aika bayanai a intanet, TCP da UDP, Tor yana ɗaukar zirga-zirgar TCP ne kaɗai, don haka dole a toshe ta UDP. Tambayoyin DNS, waɗanda na'ura ke aikawa don neman adireshin shafi daga sunansa, su ma sukan sulale ta gefe idan ba a kula ba, su tona shafukan da ake nema. Manhajar da ke saka adireshin mai ita cikin saƙon da take aikawa, kamar wasu na BitTorrent da ake musayar fayiloli da su, Tor ba ya iya rufa mata asiri. Ana saɓani kan ko haɗa Tor da VPN, wata hanyar ɓoye adireshi ta daban, yana ƙara tsaro.