Waiwaye: Yadda kogon iskokin ruwa ya koma wurin ibadar mabiya Buddha a Laos

A mahaɗar kogin Mekong da kogin Ou, kimanin kilomita 25 arewa da birnin Luang Prabang, akwai wani tsauni na farar ƙasa da ya tsaya cak a bakin ruwa. A cikinsa ne kogunan dutsen Pak Ou guda biyu suke: Tham Ting a ƙasa, sai Tham Theung a sama, wanda ba a shigarsa sai da tocila saboda duhu. Yawancin masu ziyara a kwalekwale suke zuwa.

Tun kafin addinin Buddha ya kafu a yankin, mutanen bakin kogi na kai hadaya wurin domin iskokin ruwa, waɗanda suke kira phi. Bayan Sarki Fa Ngum ya kafa daular Lan Xang, tsohuwar daular Laos, a 1353, addinin Buddha ya samu gindin zama a fada, har a 1527 Sarki Photisarath ya hana bautar iskoki. Kogon dai bai mutu ba, sai abin bauta ya sauya.

Daga nan al'adar ajiye mutum-mutumin Buddha ta fara, yau sun haura 4,000, galibi na itace. Wasu ba su fi tsayin yatsa ba. Da yawa a tsaye suke, hannaye a miƙe ƙasa, tsayuwar da mutanen Laos ke kira ta roƙon ruwa, abin da ba zai ba manomi mamaki ba. Akwai kuma waɗanda gara ta ci ko hannu ya karye, domin mai ibada ba ya jefar da irinsu a bola, kogon yake kai su. Ni a ganina waɗannan tsofaffin sun fi masu ƙyallin zinariya ba da labarin wurin.

Sarakunan Luang Prabang kan je kowace shekara lokacin Pi Mai, sabuwar shekararsu a watan Afrilu, a yi wa mutum-mutumin wanka. An soke sarauta a 1975, amma talakawa sun ci gaba da wankan.

Bayan UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin Luang Prabang cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, 'yan yawon buɗe ido suka yawaita, jirgin ƙasan da ya haɗa Laos da Sin a Disamban 2021 ya ƙara tururuwar. Yanzu kuma ana gina madatsar ruwa a kan Mekong, 'yan kilomita kaɗan kafin ruwan ya iso kogon.