APRS da tashoshin IGate: yadda ƙaramin rediyo ke bayyana a taswirar intanet

Mene ne APRS ɗin nan da masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don nishaɗi, ke yawan ambata?

Tsari ne da rediyo ke aika gajeren bayani a rubuce: alamar kiran mai shi (haruffa da lambobin da ake gane shi da su a rediyo), wurin da yake bisa GPS, saurin tafiyarsa da inda ya dosa. Bob Bruninga, injiniya a Kwalejin Sojan Ruwa ta Amurka, mai alamar kira WB4APR, shi ya ƙirƙiro shi. Ya fara aikin tun shekarun 1980, ya kuma rasu a 2022. In ka kunna rediyo a 144.390 MHz a Arewacin Amurka, ko 144.800 a Turai, za ka ji wata 'yar ƙara mai kaushi wadda da ƙyar take kai daƙiƙa ɗaya. Saƙon ke nan dukansa, yana tafiya da bit 1200 a daƙiƙa.

Rediyon hannu ba ya kai nisa. Ta yaya saƙon ke isa?

Akwai tashoshin maimaitawa da ake kafawa a kan tsaunuka da dogayen gine-gine. Suna jin saƙon, sai su sake watsa shi. Mai aikawa ne ke faɗin sau nawa za a maimaita. Wanda ya sa WIDE1-1,WIDE2-1 a saitin na'urarsa ya nemi sau biyu ke nan.

To ina IGate ya shigo?

IGate ƙofa ce tsakanin iska da intanet. Duk abin da eriyarsa ta kama, yana miƙa wa manyan kwamfutocin APRS-IS masu tattara saƙonnin APRS a intanet, daga can shafuka irin aprs.fi su ɗora shi a taswira. Haɗa shi ba wuya: eriya, rediyo ko 'yar na'urar kama rediyo ta RTL-SDR, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Direwolf mai fassara ƙarar zuwa rubutu.

Sai dai ga abin da ke damuna. Da yawa suna kafa IGate mai kunne kawai, ba baki. Ɗauki matafiyi a daji inda babu sabis ɗin waya: matsayinsa ya hau taswira, abokinsa ya gani ya rubuto masa cewa gadar da ke gaba ta karye, amma saƙon ya maƙale a intanet domin babu tashar da za ta mayar da shi iska. Wanda ke da lasisi da hali, ya daure ya kafa mai kai da kawowa. Shi kansa Bruninga ya sha nanata cewa ba don bin sawun mota kaɗai ya yi tsarin ba. Akwai saƙon rubutu mai harafi har 67, akwai rahoton yanayi, akwai sanarwa ga na kusa.

Kowa zai iya aikawa?

A'a. Saurare da kallon taswira na kowa ne, amma watsawa sai da lasisin rediyon sha'awa. A kuma sani, ba a ɓoye komai a nan: in ka bar na'urarka a kunne a ƙofar gida, ka nuna wa duniya gidanka.

Sau nawa ya kamata in aika matsayina?

Mitar rediyo ɗaya ce kowa ke rabawa, saƙo biyu kuwa in suka yi karo duka sun lalace. Tashar da ke zaune wuri ɗaya, sau ɗaya a minti 30 ya ishe ta. Mota kuma a sa mata SmartBeaconing, wanda ke ƙara aikawa in ta yi gudu ko ta sha kwana, ya rage in ta tsaya.

Da gaske ne har ta sararin samaniya ana yi?

Ƙwarai. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da na'urar maimaitawa a 145.825 MHz. Mintunan da take wucewa ta samanka, rediyon hannu da eriya mai kyau na iya isar da saƙonka ga wani IGate a wata ƙasa.