Badaƙalar Kutsen Waya ta Jaridar News of the World

Badaƙalar kutsen waya ta jaridar News of the World tonon silili ne da ya girgiza Birtaniya a shekarar 2011, bayan da ta tabbata cewa wasu ma'aikatan jaridar da masu binciken sirri da take biya sun shafe shekaru suna sauraron saƙonnin muryar mutane a ɓoye domin neman labari. Jaridar, wadda ranar Lahadi kaɗai take fitowa, an kafa ta a 1843, attajirin kafofin watsa labarai Rupert Murdoch kuma ya saye ta a 1969. Ta yi suna wajen tsegumi kan rayuwar fitattun mutane, tana sayar da kwafi fiye da miliyan biyu da rabi kowane mako har zuwa ƙarshenta. Ana tunawa da lamarin ne musamman saboda yadda fushin jama'a ya rufe jarida mai shekara 168 cikin mako guda, da kuma doguwar muhawarar da ta biyo baya kan wanda ya kamata ya sa ido a kan 'yan jarida.

Yadda ake kutsen

Dabarar ba ta buƙatar ƙwarewa. Kamfanonin wayar salula na lokacin suna bai wa mutum damar sauraron saƙonnin muryarsa daga wata wayar idan ya shigar da lambar sirri, kuma mutane da yawa ba su taɓa sauya lambar da kamfani ya sa tun farko ba. Inda aka sauya ta, sai mai binciken ya kira kamfanin wayar da sunan ƙarya ya yaudari ma'aikaci. Dokar Birtaniya ta shekarar 2000 kan ikon bincike ta haramta tare saƙonnin mutane ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba ta keɓe ɗan jarida ba.

Shekarun shiru

A watan Nuwamba 2005 jaridar ta buga ɗan labari kan ciwon gwiwa da Yarima William ya ji, abin da mutane ƙalilan ne suka sani, sai fadar sarauniya ta kai ƙorafi ga 'yan sanda. A watan Agusta 2006 aka kama Clive Goodman, editan labaran gidan sarauta na jaridar, da Glenn Mulcaire, mai binciken sirri. A Janairu 2007 kotu ta ɗaure Goodman wata huɗu, Mulcaire wata shida, editan jaridar Andy Coulson kuma ya ajiye aiki yana cewa bai san abin da ake yi ba. Daga nan News International, kamfanin Murdoch mai jaridar, ya kafe kan cewa ɗan jarida ɗaya ne ya kauce hanya, alhali 'yan sandan Landan suna riƙe da shafuka kusan 11,000 na rubuce-rubucen Mulcaire masu ɗauke da dubban sunaye, waɗanda ba su bi diddiginsu ba. Watanni kaɗan bayan murabus ɗin Coulson, jagoran 'yan adawa David Cameron ya ɗauke shi a matsayin daraktan yaɗa labaran jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya kuma shiga da shi fadar Firaminista a 2010.

A Yuli 2009 Nick Davies na jaridar Guardian ya fallasa cewa kamfanin ya biya Gordon Taylor, shugaban ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa, maƙudan kuɗi a asirce domin a kashe ƙararsa. Babban jami'in ɗan sanda John Yates ya duba batun cikin yini guda ya ce babu dalilin sake buɗe bincike. Hukumar karɓar koke-koke kan jaridu, wadda jaridun da kansu suke ɗaukar nauyinta, ta fitar da rahoto a Nuwamba 2009 inda ta ce ba ta ga sabuwar hujja ba, har ta soki Guardian. Jama'a ma ba su tada jijiyar wuya ba. Sunayen da ake ji a lokacin na 'yan sarauta ne da 'yan fim da 'yan siyasa da 'yan ƙwallo, kuma masu karatu da yawa sun ɗauka cewa wanda ya nemi suna ya sayar da sirrinsa. Wannan ɗauka kuskure ce babba, domin ita ta bai wa masu kutsen sarari na tsawon shekaru, kuma kuɗin masu karatun ne ke biyan aikin.

Makon da ya sauya komai

Ranar 4 ga Yuli 2011 Guardian ta ba da labarin cewa an yi kutse a wayar Milly Dowler, yarinya 'yar shekara 13 da ta ɓace a gundumar Surrey a Maris 2002, aka tsinci gawarta bayan wata shida. An saurari saƙonninta ne a daidai lokacin da iyayenta da 'yan sanda ke nemanta ruwa a jallo, kuma labarin ya fito 'yan kwanaki bayan kotu ta samu wanda ya kashe ta da laifi, lokacin da ciwon bai warke a zukatan mutane ba. Rahoton farko ya ce masu kutsen sun goge wasu saƙonni, abin da ya sa iyayen suka zaci tana raye. Daga baya 'yan sanda suka ce mai yiwuwa na'urar kamfanin waya ce ta goge su da kanta, Guardian kuma ta gyara wannan sashe a Disamba 2011. Kutsen kansa dai ya tabbata.

A kwanakin da suka biyo baya aka ji cewa cikin waɗanda aka yi wa hari akwai iyalan mutanen da suka mutu a harin bama-baman Landan na 7 ga Yuli 2005, da iyalan sojojin da aka kashe a Iraƙi da Afganistan. Mutane suka rufar wa kamfanonin da ke talla a jaridar ta Twitter da Facebook da waya, suna neman su janye. Kamfanin motoci na Ford yana cikin na farko da suka janye tallarsu, wasu da dama suka bi sahu, ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya ma ta yanke hulɗa da jaridar. Ranar 7 ga Yuli James Murdoch, ɗan Rupert Murdoch, ya sanar da rufe ta, fitowar ƙarshe ta zo ranar 10 ga wata, kimanin ma'aikata 200 suka rasa aikinsu, galibinsu ba su da hannu a laifin.

Wutar ba ta tsaya nan ba. Ranar 13 ga Yuli News Corporation, babban kamfanin Murdoch, ya janye yunƙurinsa na mallakar gidan talabijin na BSkyB gaba ɗaya, ganin cewa manyan jam'iyyun majalisa sun haɗa kai a kansa, su da a da suke neman yardar Murdoch. Rebekah Brooks, wadda ita ce editar jaridar a 2002, ta sauka daga shugabancin News International ranar 15 ga wata. Shugaban 'yan sandan Landan Sir Paul Stephenson ya yi murabus ranar 17, Yates ya bi shi washegari. Ranar 19 Rupert Murdoch ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki ya ce bai taɓa ganin ranar ƙasƙantar da kai kamar wannan ba a rayuwarsa. Daga baya aka biya iyalan Dowler diyyar fam miliyan 2, Murdoch ya ƙara miliyan 1 ga ƙungiyoyin agaji.

Kwamitin Leveson da batun ɗa'a

Cameron ya naɗa Mai Shari'a Brian Leveson ya binciki al'adu da ɗa'ar jaridu da alaƙarsu da 'yan sanda da 'yan siyasa. Zaman ya fara a Nuwamba 2011, shaidu 337 suka bayyana, ciki har da iyayen Milly Dowler da Christopher Jefferies, tsohon malamin makarantar da jaridu suka ɓata wa suna kan kisan da ba shi ya aikata ba. Rahoton, mai shafuka kusan 2,000, ya fito ranar 29 ga Nuwamba 2012, ya ba da shawarar kafa hukuma mai zaman kanta da ba ta ƙarƙashin editoci ko gwamnati, tare da doka da za ta tabbatar da ingancinta.

A kan kalmar doka aka rabu. Ƙungiyar Hacked Off, mai fafutukar a sa ido a kan jaridu, da waɗanda abin ya shafa sun ce jaridu sun sha alƙawarin gyara kansu ba su cika ba, kuma talaka ba shi da kuɗin kai babbar jarida kotu. Yawancin masu jaridu sun ce duk ranar da majalisa ta sa hannu a harkar jarida, wata gwamnati za ta iya amfani da wannan ƙofa ta toshe bakin masu suka. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, musamman da yake ɗan jarida ne ya tona wannan asiri lokacin da 'yan sanda da hukumar koke-koke suka kau da kai. Sai dai babu wata maslahar jama'a da za a iya kafawa da ita wajen sauraron wayar yarinyar da ta ɓace, kuma nan ne ma'aunin ɗa'ar aikin yake: ko abin da aka bankaɗo yana kare jama'a daga cuta, ko kuwa sha'awar gulma kawai yake biya.

Cameron ya ƙi bin hanyar doka kai tsaye, aka koma ga takardar izinin masarauta, wadda ta tsara yadda za a amince da hukumar sa ido a kan jaridu, a Oktoba 2013. Manyan jaridu suka ƙi ta, suka kafa tasu hukumar mai suna IPSO a 2014. Wata hukumar, Impress, ta samu amincewa a 2016, amma ƙananan kafofi ne galibin mambobinta, Guardian da Financial Times kuwa ba su shiga ko ɗaya ba. A 2018 gwamnati ta soke kashi na biyu na binciken Leveson, wanda aka tsara domin duba laifuffukan da kansu da rawar da 'yan sanda suka taka.

Shari'o'i

A Yuni 2014 kotun Old Bailey ta samu Coulson da laifin haɗa baki wajen kutse, aka ɗaure shi wata 18, aka wanke Brooks daga dukkan tuhume-tuhume, kuma ta koma shugabancin kamfanin a 2015. Ƙararrakin diyya sun nuna cewa al'adar ba ta jarida ɗaya ba ce. A 2015 kotu ta umarci kamfanin jaridun Mirror ya biya mutum takwas kimanin fam miliyan 1.2, a Disamba 2023 kuma ta ba Yarima Harry fam 140,600 a kan kamfanin. A Janairu 2025 kamfanin jaridun Murdoch ya sasanta da Harry da tsohon ɗan majalisa Tom Watson, ya nemi afuwa, ya kuma amince cewa masu binciken sirri da suka yi wa jaridar The Sun aiki tsakanin 1996 da 2011 sun aikata abubuwan da suka saɓa wa doka.