Fotulaka: shukar da ke son ranar Kano

Wace shuka ce wannan?

Fulawa ce mai yaɗo a ƙasa, tsayinta da wuya ya wuce santimita 20. Ganyenta ƙanana ne, masu kauri da tsini, cike da ruwa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, wajen Ajantina da Uruguwai da kudancin Burazil. 'Yar uwa ce ga harshen saniya da ke fitowa da kansa a kangaye da bakin kwata da damina, sai dai furenta ya fi girma, akwai ja da rawaya da fari da ruwan hoda. Da hantsi take buɗewa, ta rufe idan rana ta yi sanyi ko hadari ya haɗu.

Za ta jure zafin bazara?

Ai nan ne ma ta fi fulawa da yawa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano, ciyawar ado na ƙonewa in ba a yi mata ban-ruwa kullum ba, ita kuwa tana rayuwa da ruwan da ta ajiye a ganye da kara. Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin da ba ta yarda da shi shi ne inuwa. Tana son rana aƙalla awa 6. Wanda ya dasa ta ƙarƙashin darbejiya ko a lungun da katanga ta tare, zai ga kara ya yi tsawo ya yi laushi, fure kuma babu.

To me ke kashe ta?

Ruwa. Yawancin waɗanda tasu ta mutu, kulawa ce ta yi yawa: ban-ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Saiwarta ba ta nisa, da zarar ta kwana cikin laima sai ta ruɓe, gindin kara ya yi baƙi, shukar ta kwanta. Agusta ne watan haɗari, don tsakar gida da yawa a cikin gari ruwa na kwanciya. Maganin yana cikin ƙasar tun kafin shuka. A gauraya yashi da ƙasa kusan rabi da rabi, a ɗaga wurin ya ɗan fi sauran fili tudu. In a tukunya ce ko tsohon bokiti, a huda gindin sosai, kada a sa faranti a ƙarƙashi. Ƙasar laka ba ta dace ba sam. Da rani kuwa, a tsoma yatsa; in ƙasa ta bushe a ba ta ruwa a gindi, in da sauran danshi a bari sai gobe. Taki kaɗan ya isa, don yawansa ganye yake kawowa, ba fure ba.

Iri zan nema ko reshe?

Reshe ya fi sauƙi. A karyo mai tsawon yatsa a wajen maƙwabci ko masu sayar da fulawa a bakin titi, a cire ganyen ƙasa, a soka cikin yashi mai ɗan danshi. Cikin mako 1 zuwa 2 zai yi saiwa. A bar tazarar taƙi guda tsakaninsu, za su haɗe da kansu. Irin kuwa ƙanana ne ƙwarai, kuma sai da haske suke tsirowa, saboda haka a barbaɗa su a sama, kada a binne.

Tana daɗewa?

Galibi ba ta wuce shekara. Da hunturu takan yi rauni, fure ya ragu. A datse dogayen rassa, a sake dasa wasu daga cikinsu. Tana kuma zubar da iri, sabbi su fito da farkon damina.

Za a iya takawa a kanta?

A'a, karanta na da saurin karyewa. Gefen katanga da bakin hanyar shiga gida sun fi dacewa da ita. A kuma kiyaye ta daga awaki da kaji. Idan ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwa suka taru a kan toho, a fesa musu ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma.